Awon Unguwa da Ƙafar Yarinya

Shekara guda cur na yi ina zaman gwauro a Kano bayan na sami gurbin karatun digiri na uku a Jami'ar Bayero. Iyalina suna Malumfashi, ni kuwa ina wani ɗaki da muka kama da abokin karatu. Ranar Juma'a idan an sauko daga masallaci in hau mota ta Gwarzo da Dayi, ranar Lahadi da yamma in juyo. Na fara wannan zirga-zirga ne bayan an janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, lokacin da litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, ba ta kuma tsaya nan ba. Zuwa gida na mako-mako ya koma na bayan mako biyu, daga nan ya koma sai ƙarshen wata. Wata Juma'a na yi sallama a tsakar gida, ɗanmu mai shekara uku ya ɗaga kai ya dube ni, ya ruga ya ɓuya bayan zanen mahaifiyarsa. A daren nan muka yanke shawara cewa kafin a koma makaranta a watan Satumba, kowa da kowa zai dawo Kano.

Sharaɗin maiɗakina ɗaya ne: a sama wa yara makaranta mai kyau. Babbar 'yarmu, mai sunan Inna, tana da shekara bakwai, za ta shiga aji uku na firamare, ƙanenta kuma ya isa a fara kai shi. Nawa sharaɗin aljihu ne ya gindaya mini shi. Ba mu da mota, ba ma kuma sa ran yin ta nan kusa. Ina da tsohon babur, amma aikin bincikena yakan fitar da ni ƙauyuka in yi kwanaki ina naɗar hira da tsofaffi, kuma a irin waɗannan ranaku babu mai kai yara. Saboda haka dole makarantar boko da Islamiyya su kasance inda ƙafarsu za ta kai su. A lokacin na ɗauka sharuɗɗan biyu abokan tafiya ne. Sai da na yi mako biyar ina yawon neman gida na gane cewa a Kano ta yau kishiyoyi ne, da wuya su kwana ɗaki ɗaya.

Duk wanda ya shigo Kano daga wajenmu ta titin Gwarzo yake shigowa: ya wuce sabon matsugunin jami'a, ya bi ta Rimin Gata da Rijiyar Zaki da Janbulo har ya kai Kabuga. Na daɗe ina jin daɗin sunayen nan. Rimi, rijiya, tudu: abubuwa ne da matafiyi a ƙasa yake gani ya yi alama da su, ya huta a inuwarsu ko ya sha ruwansu. Wanda ke gudu a mota ba ya raɗa wa wuri suna da itace. Amma dillalin da aka haɗa ni da shi ba a ƙasa yake tafiya ba. Yana gaba a kan babur ɗinsa, ina biye a kan nawa, kuma duk gidan da muka tsaya a ƙofarsa jawabinsa ɗaya ne: "Malam, ai komai kusa yake. Makaranta ga ta nan, kasuwa ga ta nan, titi jifa ne." Ba ƙarya yake yi ba. "Kusa" ba ta da awo nata na kanta, sai an san wane ne mai tafiyar kuma da me yake tafiya. Tasa ta mai babur ce, ni kuwa ta yarinya mai goye da jakar littattafai nake nema.

Gidan farko da ya shiga raina yana can bayan gari, inda gonaki suke komawa fegi-fegi. Sabo ne dal, ba a taɓa kwana a cikinsa ba, ɗaki uku da falo, ga tayil har tsakar gida, ga rijiyar burtsatse, kuɗin hayarsa kuma bai kai na ciki da falo a wasu unguwannin ba. Na ɗauki hotuna na aika gida, aka yi ta sa albarka. Saura ƙiris in ba da kafin alƙalami. Abin da ya hana ni shi ne sallar La'asar da ta riske mu a wurin. Na tambayi masallaci, dillali ya waiga dama ya waiga hagu, ya ce mu hau babur. A tsawon layin nan babu dakali ko ɗaya, babu tireda, babu yaro yana wasa, sai dogayen katangu da ƙofofin ƙarfe a rufe, tsakaninsu kangaye da ciyawa ta cinye. Na yi tunanin matata a cikin gidan nan daga safe har dare, ba maƙwabciyar da za ta leƙa ta ari rariya, ba yaron da za ta aika sayen gishiri. Iyayenmu mata sun yi zaman kulle, amma kullensu cike yake da mutane, ana shiga ana fita, yara suna kai saƙo daga wannan gida zuwa wancan. Wannan wani kulle ne dabam, wanda nisa ke yi wa mace ko da mijinta bai hana ta fita ba.

Daga ranar na sauya dabara. Duk gidan da dillali ya nuna mini da rana, sai in koma ni kaɗai, in ajiye babur, in taka. Nakan je sau uku: da ƙarfe bakwai da kwata na safe, lokacin da yara ke fita, bayan an ɗauke ruwan sama, don in ga inda ruwa ke kwanciya, da kuma bayan Magariba. Da yake damina ce, ba na jira da yawa kafin in sami na biyun. Na koyi abubuwa da dama da ba a gani daga kan babur. Akwai layin da kwatarsa ke buɗe, an gitta katako ɗaya a kai, babba ya tsallake ba tare da ya lura ba, yaro kuwa sai ya tsaya yana neman mai riƙe masa hannu. Akwai lungun da masu A Daidaita Sahu suka mayar hanyar yanke idan titi ya cushe. Tun da aka hana acaɓa a birnin a farkon 2013 waɗannan kekunan ne ƙafar talaka, ba ni da bakin zaginsu, amma lungu mai faɗin taku huɗu bai ishe su da ɗan makaranta ba. Daga baya na je Malumfashi na ɗauko mai sunan Inna ta yi kwana uku wurin gwaggonta a Gwale, muka riƙa takawa tare. Abin da nake yi a minti goma, ita sai ta yi sha shida, don takan tsaya kallon akuya, takan tsaya gyara takalmi.

Gida na biyu shi ne ya kusa haɗa mu rigima. Yana kusa da wata makarantar kuɗi da ta yi suna a yankin, wadda wata ƙawar matata ta daɗe tana yi mata talla. Na je na gani, kuma gaskiya ba laifi: azuzuwa masu tsabta, yara ba su wuce talatin a aji ba, ga ɗakin kwamfuta, ga motar ɗaukar ɗalibai ga wanda ya iya biya. Amma a jikin bangon farfajiya an rubuta da manyan baƙaƙe, da Turanci, cewa an haramta yin yaren gida, kuma shugabar makarantar ta faɗa mini da alfahari cewa duk yaron da aka kama yana Hausa akwai tarar da ake cin sa. Ta tambaye ni aikina. Na faɗa mata. Muka yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce ai iyaye ne suke so haka.

Na san ta yi gaskiya, domin da na koma gida na tarar da ɗaya daga cikin iyayen. Na zauna ina yi wa matata lacca kamar ina gaban aji: cewa Manufar Ilimi ta Ƙasa da ta fito a 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, cewa a Ile-Ife, tun daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa sun gwada koyar da yara da Yarbanci tsawon shekaru shida na firamare, yaran kuma ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Ta bari na gama, sannan ta ce, "Malam, kai ka yi digiri biyu a Hausa, ga shi har yanzu haya muke nema. Da Turanci za su rubuta jarrabawa. In sun faɗi, Fafunwa ne zai biya musu kuɗin sakewa?" Ban sami amsar da ta gamsar da ita ba, ban kuma tabbata na sami wadda ta gamsar da ni ba. Mu da muke cin abinci da nazarin harshen nan mun iya kare shi a taron ƙara wa juna sani. Ranar da aka zo rajistar 'ya'yanmu kuwa, da yawanmu mukan bi ta ƙofar baya mu kai su inda ake cin tarar mai yin sa. Ban cire kaina ba, domin da makarantar nan tana gefenmu na titi, mai yiwuwa da yanzu can yaran suke, ina ta ba kaina uzuri.

Titin ne ya raba gardama. Gidan da za mu iya biya yana hannu ɗaya na titin Gwarzo, makarantar tana ɗaya hannun, gidajen da ke gefenta kuwa sun fi ƙarfina nesa ba kusa ba. A ido tazarar ba ta kai komai ba, daga bakin layin ana hango rufin makarantar. Da safe muka tsaya ni da yarinyar a bakin kwalta, hannunta a cikin nawa. Motocin haya masu fita Gwarzo, tifofin yashi, A Daidaita Sahu da ke yanko hanya ba sigina, babura masu bin hannun da ba nasu ba. Na duba agogo: minti huɗu muka yi kafin mu kai tsakiya, muka sake tsayawa a kan ɗan tudun da ya raba hannu biyu, iskar manyan motoci tana kaɗa mata hijabi. Da muka ƙetare na ji tafin hannunta ya jiƙe da gumi. Ta ce, "Abba, kullum za mu riƙa yin haka?" Lissafin sau biyu a rana, kwana biyar a mako, zango uku a shekara, shi ne na kai wa mahaifiyarta. Kuɗin motar makaranta kuwa da muka haɗa shi da kuɗin zango, ya cinye abin da ya rage na albashina bayan haya.

Na taɓa karanta labarin wani Ba'amurke masanin tsara birane, Clarence Perry, wanda a 1929 ya fitar da tsarin yadda ya kamata unguwa ta kasance: makarantar firamare a tsakiya, gidaje kewaye da ita a tazarar kimanin rubu'in mil, wato wajen mita 400, manyan tituna kuma su bi ta gefe, kada yaro ya ƙetare su a hanyarsa ta zuwa aji. Da na karanta sai na ga kamar cikin birni yake siffantawa. Wanda ya san Madabo ko Yakasai ko Soron Ɗinki ya san unguwar da aka gina da awon ƙafa: masallaci a bakin lungu, makarantar allo a soron malam, mai ƙosai a kusurwa, kasuwar Kurmi, wadda ke ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ba ta da nisa. Ba wani mai taswira da ya zana wannan, bukatar mutanen da ba su da abin hawa ce ta zana shi. Ba ina cewa cikin birni aljanna ba ne. Cunkoso da kwatami da ƙarancin ruwa su ne suka kori 'ya'yansa da yawa zuwa waje. Abin da ya dame ni shi ne da muka fita bayan ganuwa ba mu tafi da wannan hikima ba. Yawancin sababbin unguwanni awon igiya ne: mai gona ya yanka ta fegi-fegi, ya bar siririyar hanya, ya sayar. Ba a ware filin makaranta, ba a ware na wasa, domin kowane taku kuɗi ne. Daga baya wani ya sayi gida mai ɗaki huɗu ya shafa masa fenti mai launi, ya kafa allo ya ce makaranta ce.

Ban tsallake makarantar gwamnati ba, don ni ma ita ta yi ni. Firamaren da na yi a garinmu ba ta da ƙofa ba ta da taga, amma a cikinta na koyi karatu da rubutu, a ƙasa kuma nake zuwa tare da yaran layinmu. Na shiga wata a yankin da nake nema. Tun 2019 gwamnatin jiha ta ayyana ilimi kyauta kuma dole, a 2024 kuma aka kafa dokar ta-ɓaci a kan ilimi, ana ta gyaran azuzuwa. A ajin da 'yata za ta zauna na fara ƙirga kawuna, na wuce casa'in na daina. Malamar tana tsaye a ɗan wurin da ya rage gaban allo, muryarta ta dushe, kuma na ga alamar ta san aikinta. Na gaishe ta na fito ina jin nauyi, kamar wanda ya je gidan da aka rene shi ya ƙi cin tuwon.

Gida na uku ba dillali ne ya nuna mini ba. Wata rana bayan Azahar a wani ƙaramin masallaci cikin tsohon ɓangaren Rijiyar Zaki, inda gidaje suka riga suka haɗe, na gaisa da wani dattijo da ke zaune a dakali. Ya tambaye ni abin da nake yawon nema, don ya ce ya ga wucewata sau uku a kwana biyu. Wannan kaɗai ya sa na zauna. Na yi masa bayani. Ya ce, "Yaro, gida kake nema ko maƙwabta?" Na ce, "Baba, duka biyu, in da hali." Ya aika jikansa ya kira wani mutum da ɗan hayarsa ya tashi. Gidan tsoho ne, ɗaki biyu da falo, siminti ya farfashe a tsakar gida, babu rijiya, sai an sayi ruwa wurin 'yan ga-ruwa. Kuɗinsa ya ɗara na sabon gidan bayan gari, abin da ya fara ba ni haushi kafin in gane cewa ba ginin ake sayar mini ba.

Makarantar da ke kusa ƙarama ce, ba ta da suna a wajen unguwar. A lokacin na riga na daina kallon fenti. Na roƙi hedimasta ya nuna mini ban-ɗakin yara, ya yi mamaki amma ya kai ni, na tarar da shi a wanke da buta da ruwa a ciki. Na ce a ba ni littattafan aikin 'yan aji uku guda biyar, ni zan zaɓa. An duba su da jan biro har zuwa makon da aka yi hutu, an kuma gyara kurakurai, ba maki kawai aka dangwala ba. Na tambayi shekarun da malamar ajin ta yi a wurin, aka ce shida, wanda ba ƙaramin abu ba ne a makarantun kuɗi, inda albashi ke korar malamai kowane zango. Ana darasin hutu a ranar, sai na rubuta jimla biyu a allo, ɗaya da Hausa ɗaya da Turanci, na nuna wata yarinya. Ta karanta ta Hausar ba gargada, har da ƙugiyar ƙa da ɗa. Ta Turancin ta yi tuntuɓe a kalma ɗaya, ta koma ta haɗa baƙaƙen da kanta ta fitar da ita. Wannan komawar ita ce ta saye ni. Daga ƙofar gidan zuwa ƙofar makarantar mai sunan Inna ta yi minti goma sha ɗaya, ba ta ƙetare kwalta ko ɗaya ba. Islamiyya tana bayan masallacin dattijon nan.

Matata ba ta amince nan take ba, kuma dalilinta mai ƙarfi ne. Babu mai 'ya mace a Kano da ya manta da yarinyar nan 'yar shekara 5 da aka sace a ƙarshen 2021 a kan hanyarta ta dawowa daga Islamiyya, daga baya ta bayyana cewa mai makarantar bokon da take zuwa ne ya yi aika-aikar. Ta ce ita hankalinta ya fi kwanciya a ɗauki yaro a ƙofar gida a sauke shi a ƙofar aji. Ban yi mata musu ba. Na dai roƙe ta ta zo ta taka hanyar da ƙafarta. Ta zo ranar wata Asabar, muka bi tare, tana ƙirga abin da ban ƙirga ba: mai niƙa, kemis, matar da ke sayar da kayan miya a zaure, tela da kekensa ke fuskantar hanya, gidaje nawa ne ƙofarsu ke buɗe. Kafin mu kai makarantar mata biyu sun yi mata sannu da zuwa, ɗaya har ta tambaye ta ko su ne masu shigowa gidan wane. Da muka dawo ta tsaya a tsakar gidan tana kallon fasasshen simintin, ta ce sai an gyara shi kafin a kawo kaya, kuma ni zan riƙa yi wa yarinyar darasin Turanci kowane dare, ba fashi, tunda ni na hana ta makarantar Turawa. Na karɓi sharaɗin.

Mun tare saura kwana shida a koma makaranta. Ruwa yana cin kuɗi fiye da yadda na lissafa, ɗakunan sun yi mana kaɗan, littattafaina rabi suna cikin kwali har yau. Darasin dare ina yin sa, ko da yake ba kullum ba kamar yadda na yi alkawari, kuma duk ranar da sakamakon Turanci ya zo da rauni nakan sha kallo. Da safe yara biyar ne suke taruwa a ƙofarmu, babbarsu 'yar aji shida, su tafi a jere, ƙaramin namu a tsakiya.

Akwai wani fili da suke ratsawa, fegi biyu da ba a gina ba, shi ne yake rage musu hanya. Makon jiya da na raka su na ga an sauke bulo da yashi a gefensa, an kuma ja igiya. Na tambayi dattijon, ya ce wani ɗan kasuwa ne ya saya, zai kewaye. Na bi ta zagayen da zai rage musu in an tayar da katangar: ya fita ta layin da masu A Daidaita Sahu suke yankewa, ya ƙara minti bakwai a tafiyata ni babba. Ban faɗa wa mahaifiyarsu ba tukuna. Gobe Asabar zan ɗauki yarinyar mu je mu auna.